Farfesa Adeoye Lambo: Likitan da ya kai jinya cikin ƙauye, ya kuma soma ƙidayar masu taɓin hankali a Najeriya

Duk ma'aikacin da kundin kasafin kuɗin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ya taɓa biyowa ta teburinsa ya ga sunan Aro a jerin asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya, tare da Yaba da Kaduna da Maiduguri da Kware. A da Aro wani ƙauye ne a gefen Abeokuta, wanda manoman yankin kaɗai suka san da zamansa. Mutumin da ya ɗaga sunan ƙauyen har ya shiga littattafan likitanci na duniya shi ne Thomas Adeoye Lambo, ɗan Najeriya na farko da ya ƙware a likitancin ƙwaƙwalwa irin na zamani.

An fi tunawa da shi saboda dabarar jinyar da ya ɓullo da ita, wato sauke majinyata a gidajen mutanen ƙauye maimakon a kulle su. Sai dai akwai wani ɓangare na aikinsa da ya fi shafar masu tsara manufofi a Abuja, shi ne dagewar da ya yi a kan a fita a ƙirga masu lalurar a inda suke zaune, cikin harshensu, a kuma bi sawunsu bayan an ba su magani. Ƙidayar da ya jagoranta ta manya ce. Ta yara da matasa kuwa ta biyo baya a hankali, kuma ita ce garuruwa irin su Fika da Potiskum a Jihar Yobe suka fi buƙata a yau.

An haifi Lambo a Abeokuta ranar 29 ga Maris, 1923. Ya yi sakandare a makarantar maza ta mishan ɗin Baptist da ke garin daga 1935 zuwa 1940, makarantar da daga baya Olusegun Obasanjo da M.K.O. Abiola suka zauna a ajujuwanta. Daga nan ya wuce Jami'ar Birmingham ta Ingila ya karanta likitanci, kuma a can ya auri wata Baturiya mai suna Dinah Adams a 1945. Bayan ya taɓa aikin likitan gwamnati a gida, sai ya koma Landan a 1952, ya shiga Cibiyar Nazarin Cututtukan Ƙwaƙwalwa da ke haɗe da Asibitin Maudsley. Ya dawo Najeriya a 1954.

Abin da ya tarar

A zamanin mulkin mallaka, wurin ajiye mai taɓin hankali ya fi kama da kurkuku fiye da asibiti. An buɗe na Kalaba a 1904, na Yaba a Legas a 1907, sannan dokar 1916 ta ba hukuma ikon tsare duk wanda likita da alƙali suka amince cewa mahaukaci ne. A Arewa, galibi a gidajen yarin En'e ake ajiye irin waɗannan bayin Allah, gefe guda da ɓarayi da masu kisan kai. Cunkoso ya yi yawa, sarƙa da mari ba baƙin abu ba ne, magani kuwa kusan babu. Saboda haka iyalai ba sa kai nasu da son ransu. Wanda ya shiga irin wannan wuri yawanci 'yan sanda ne ko kotu suka kai shi, bayan ya yi ɓarna ko ya tayar da hankalin jama'a a kasuwa.

Daga waɗannan tsirarun mutane ne likitocin Turawa suka gina ra'ayinsu game da ƙwaƙwalwar baƙar fata. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne J.C. Carothers, da ya shugabanci asibitin Mathari na Nairobi a ƙasar Kenya. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga masa littafi, inda ya kwatanta tunanin ɗan Afirka lafiyayye da na Baturen da aka yi wa tiyata a gaban ƙwaƙwalwa, ya kuma nuna cewa ciwon damuwa mai tsanani da wuya ya kama ɗan Afirka.

Baya ga wariyar launin fata da ke cikin wannan ra'ayi, akwai kuskuren lissafi. Matar da baƙin ciki ya dabaibaye ta har ta daina cin abinci tana zaune shiru a ɗaki, babu ɗan sandan da zai kama ta. Yaron da tsoro ya hana shi barci ba ya fasa rumfar kowa. Wanda ya ƙirga mutanen da ke tsare kaɗai ba zai ga ko ɗaya daga cikinsu ba, sai ya rubuta cewa babu su. Lambo ya soki Carothers da kakkausan harshe a wata maƙala da ya buga a 1955 kan tasirin al'ada a cututtukan ƙwaƙwalwa tsakanin Yarabawa, yana mai cewa irin waɗannan rubuce-rubuce tatsuniyoyi ne da aka yi wa rigar kimiyya. Yana da shekara 32 a lokacin, kuma hukumar da ta buga littafin da yake suka ita ce wadda zai zama mutum na biyu a cikinta bayan shekara 18.

Ƙauyen Aro

Lokacin da aka ba shi ragamar sabon asibitin Aro, ginin bai kammala ba. Ga majinyata suna zuwa, ga babu gadajen kwantar da su. Lambo ya je wurin dattawan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, ya roƙe su su karɓi majinyata a matsayin 'yan haya. Ba a rana ɗaya suka amince ba, domin tsoron mai taɓin hankali daɗaɗɗen abu ne a ko'ina. A watan Oktoban 1954 aka fara, kuma daga baya tsarin ya haɗa ƙauyuka huɗu.

Sharaɗin farko shi ne kowane majinyaci ya zo da ɗan uwansa, yawanci uwa ko goggo ko ƙanwa, wadda za ta dafa masa abinci, ta wanke masa tufafi, ta raka shi wurin likita. Da safe a je asibiti a karɓi maganin zamani, wanda a wancan lokaci ya haɗa da jinyar wutar lantarki da sababbin ƙwayoyin kwantar da hankali da suka fara fitowa a shekarun 1950. Da rana a yi sana'ar hannu ko aikin gona, da yamma a koma gida a kwana cikin mutane. Ma'aikatan jinya suna cikin ƙauyen dare da rana. Su kuma masu gidajen suna karɓar kuɗin haya, aka ba su rance suka ƙara ɗakuna, aka jawo musu ruwan famfo, aka haƙa masai, aka kafa masu yaƙi da sauro. Akan zauna taro a kai a kai tsakanin dattawa da ma'aikatan asibiti domin sauraron koke.

Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne shigo da masu maganin gargajiya cikin aikin. Abokan aikinsa da dama sun ga kamar ya zubar da mutuncin likitanci. Hujjarsa ita ce, mafi yawan majinyatan sun riga sun je wurin waɗannan mutane kafin su zo asibiti, kuma za su koma wurinsu bayan sun fita, don haka gara a san abin da suke yi, a raba mai amfani da mai cutarwa. Duk wanda ya san yadda ake fara kai mara lafiya wurin malami ko mai ruƙiyya a ƙasar Hausa kafin a tuna da asibiti zai gane abin da yake nufi.

Sunan Aro ya zagaya duniya, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya fim a kansa. Lambo ya ba da rahoton cewa majinyatan ƙauye sun fi saurin samun sauƙi, ciwon bai cika dawo musu ba, kuma kuɗin jinyar bai kai na kwanciya a asibiti ba. A nan ya kamata a yi adalci ga masu sukarsa. Wanda ke da ɗan uwan da zai bar gonarsa ya zauna da shi wata da watanni ya riga ya fi wanda danginsa suka yasar gata, ko da wane irin magani aka yi masa. Ba a raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a an kwatanta sakamakonsu kamar yadda ake yi a binciken zamani ba. Bugu da ƙari, da Abeokuta ta faɗaɗa ta haɗiye ƙauyukan, ɗakin haya ya yi tsada, tsarin ya yi rauni.

Fita ƙidaya

A 1961 abubuwa biyu suka faru a Abeokuta. A watan Nuwamba Lambo ya karɓi baƙuncin taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na nahiyar Afirka. A cikin shekarar kuma ya haɗa gwiwa da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka suka gudanar da binciken da ya zama ɗaya daga cikin na farko irinsa a Afirka kudu da Sahara. Leighton ya riga ya yi irin wannan aiki a wata gunduma ta Nova Scotia a ƙasar Kanada, don haka akwai abin da za a kwatanta sakamakon da shi.

Yadda suka tunkari aikin ya fi alƙaluman da suka samu daraja. Kafin su buga ƙofar kowa, sai da suka zauna da masu maganin gargajiya da dattawa suka tambaye su sunayen cututtukan da suka sani, da alamominsu, da yadda suke bambanta wannan da wancan. Bayan haka ne suka tsara tambayoyi cikin Yarabanci, suka zaɓi mutane fiye da 300 daga ƙauyuka da kuma cikin garin Abeokuta, waɗanda ba su zo neman magani ba, aka yi hira da su, aka kuma tambayi waɗanda suka san su. Daga nan likitoci suka duba bayanin kowane mutum suka auna ko yana da lalura, da kuma yadda ta hana shi gudanar da harkokinsa.

Littafin da ya fito a 1963 ya nuna cewa yawancin alamomin da aka gani a Kanada akwai su a ƙasar Yarabawa. Ya kuma nuna cewa lalurar ta fi yawa a ƙauyukan da zumunci ya sukurkuce, shugabanci ya yi rauni, talauci ya yi katutu. Wani abin lura shi ne batun ciwon damuwa. Masu binciken sun tarar da alamominsa ɗaya bayan ɗaya, kamar rashin barci da kasala da rashin jin daɗin komai, amma mutane ba su haɗa su wuri guda sun ba su suna ɗaya a matsayin cuta ba. Da an shiga ƙauye an tambaya da sunan cutar kawai, da an dawo da amsar Carothers.

Wannan darasi ya shafi Hausa kai tsaye. Kalmar damuwa tana ɗaukar komai, daga rashin kuɗin cefane zuwa ciwon da ke sa mutum ya yi tunanin halaka kansa. Wani zai ce tunani ya yi masa yawa, wata ta ce zuciyarta ce ke ciwo, wasu kuma su ce iska ce ko sammu. Takardar tambayoyin da aka fassara daga Turanci kalma da kalma ba za ta iya rarrabe waɗannan ba.

Binciken na 1961 bai haɗa da yara ba. Amma batun matasa bai ɓace wa Aro ba. Lambo ya yi nazarin halin da ɗaliban Najeriya ke shiga a Birtaniya, inda kaɗaici da nauyin burin iyaye ke karya wasu daga cikinsu. Wani likita ɗan Kanada da ya yi aiki a Aro, Raymond Prince, ya bayyana a 1960 wata lalura da ya gani a tsakanin ɗaliban sakandare da na jami'a, wadda su ɗaliban suke kira gajiyar ƙwaƙwalwa: zafi ko jin kamar wani abu na tafiya a cikin kai, ido ya yi dishi-dishi in an buɗe littafi, a karanta shafi a kasa riƙe komai. Likitoci da yawa a yau suna ganin damuwa ce da fargaba suke fitowa ta jiki. Malaman makarantun kwana sun san irin wannan koke, musamman in jarrabawa ta gabato.

Ibadan

A 1963 Lambo ya koma Jami'ar Ibadan a matsayin farfesa kuma shugaban sashen likitancin ƙwaƙwalwa, ya bar Aro a hannun Tolani Asuni. Ya zama shugaban tsangayar likitanci a 1966, sannan shugaban jami'ar daga 1968 zuwa 1971.

A wannan tsakanin ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani gagarumin bincike kan sikizofireniya, wato tsananin taɓin hankalin da ke sa mutum jin muryoyi da gaskata abin da babu shi. Cibiyoyi tara aka zaɓa: Ibadan, da Agra a Indiya, da Kali a Kolombiya, da Taipei, da Landan, da Mosko, da Prague, da Washington, da Aarhus a Denmark. An duba majinyata 1,202 masu shekara 15 zuwa 44 da ma'auni iri ɗaya da aka fassara zuwa harsunan wuraren, sannan aka sake neman su bayan shekara biyu, aka kuma sake bayan shekara biyar. Ibadan ce kaɗai cibiya daga Afirka, kuma aikin da Lambo ya shimfiɗa ne ya sa ta samu wannan gurbi.

Sakamakon ya ba kowa mamaki. Majinyatan Ibadan da Agra sun fi na biranen Turai da Amurka samun sauƙi bayan shekara biyu. Shekaru da dama ana kafa hujja da wannan wajen cewa dangi da zaman tare sun fi asibiti mai tsada amfani. Daga baya wasu masana, ciki har da Farfesa Oye Gureje na Ibadan, suka buƙaci a yi taka-tsantsan, a wata maƙala ta 2008. Babbar matsalar ita ce waɗanda ba a same su ba a zagaye na biyu. A garin da babu lambar gida, babu rajistar mutuwa, majinyacin da ya ɓace yana iya kasancewa ya warke ya tafi fatauci, yana kuma iya kasancewa ya mutu ko yana ɗaure a bayan gida. In aka cire shi daga lissafi, sakamakon zai yi kyau fiye da gaskiya. Duk jami'in da ke karɓar rahoton nasarar wani shiri daga jihohi ya dace ya riƙa tambayar mutum nawa aka fara da su, nawa kuma aka samu a ƙarshe.

Shugabancinsa na jami'a ya ƙare da tabo. Ranar 1 ga Fabrairu, 1971, ɗalibai suna zanga-zanga kan abinci da yadda ake tafiyar da ɗakunan kwanansu, hukumar jami'a ta kira 'yan sanda, aka buɗe wuta, aka kashe wani ɗalibi mai suna Kunle Adepeju. Ana ɗaukarsa ɗalibi na farko da 'yan sanda suka harbe a harabar jami'a a Najeriya. Mutumin da ya yi suna wajen zama da dattawan ƙauye a warware matsala da baki, a zamaninsa ne rikicin ɗalibai ya kai ga zubar da jini. A cikin shekarar ya bar Ibadan zuwa Janeba.

Janeba da tambayoyi goma

Ya shiga Hukumar Lafiya ta Duniya a 1971 a matsayin mataimakin babban darakta mai kula da wasu sassa, sannan a 1973 ya zama mutum na biyu a hukumar baki ɗaya, ƙarƙashin Halfdan Mahler ɗan ƙasar Denmark. Ya riƙe wannan kujera har 1988. A shekarun nan ne aka yi taron Alma-Ata na 1978, wanda ya ɗora kiwon lafiya a matakin farko a kan gaba.

A zamaninsa ne kuma, daga 1975, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na hukumar ya fara wani bincike a ƙasashe bakwai masu tasowa, domin gano ko ƙananan ma'aikatan lafiya za su iya gane masu lalurar su kula da su. Wasu masana ne suka gudanar da aikin, irin su Norman Sartorius da Robert Giel, amma tunanin da ke bayansa ɗan uwan na Aro ne: tun da likitocin ƙwaƙwalwa ba za su taɓa wadatuwa ba, a kai aikin inda mutane suke.

Daga wannan bincike aka samu wata 'yar takarda mai tambayoyi goma, wadda ake yi wa uwa ko mai kula da yaro ɗan shekara 5 zuwa 15. Ana tambaya ko maganar yaron tana da matsala, ko barcinsa, ko ya taɓa faɗuwa ko yin farfaɗiya, ko yana yawan ciwon kai. Ana tambaya ko yana gudu daga gida, ko yana ɗauke-ɗauke, ko yana firgita ba dalili. Sai kuma ko yana baya wajen koyo in an kwatanta shi da tsaransa, ko ba ya wasa da yara, ko yana fitsarin kwance ko ɓata wandonsa. Amsa ɗaya ta e ta isa a sake duba yaron da kyau. Takardar ba ta yanke hukuncin cuta, tana dai nuna wanda ya kamata a tsaya a kansa.

Sakamakon da aka buga a 1981 ya shafi yara 925 da aka kawo ƙananan asibitoci a ƙasashe huɗu. An samu masu lalurar ƙwaƙwalwa kashi 12 cikin 100 a Sudan, kashi 15 a Filifin, kashi 22 a Indiya, kashi 29 a Kolombiya. Ma'aikatan da ke duba yaran kuwa ba su gane fiye da kusan ɗaya cikin biyar na masu lalurar ba. An kawo yaro don zazzaɓi ko ciwon ciki, an ba shi magani, ya koma gida da abin da ya fi damunsa.

Najeriya ta karrama Lambo tun yana kan aiki. A 1979, shekarar da aka fara ba da lambar yabo ta ƙasa ga masana, yana cikin rukunin farko tare da Chinua Achebe da Teslim Elias da Alhaji Abubakar Imam. Ya dawo gida bayan ya yi ritaya, ya kuma ga lokacin da wani ɗan Abeokuta, Ministan Lafiya Olikoye Ransome-Kuti, ya sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ginshiƙan kiwon lafiya a matakin farko a manufar 1991. Ya rasu ranar 13 ga Maris, 2004, saura kwana 16 ya cika shekara 81.

Daga Aro zuwa Fika

Aikin auna lalurar yara a Najeriya ya fi ƙarfi a inda Lambo ya shuka shi. Wani bincike da Gureje da Olayinka Omigbodun da abokan aikinsu suka buga a 1994, kan yara kusan dubu masu shekara 7 zuwa 14 a wani asibitin matakin farko a Ibadan, ya gano kusan ɗaya cikin biyar na da wata lalura. Daga baya Farfesa Omigbodun ta kafa cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa a Jami'ar Ibadan. Amma babban binciken ƙasa da aka gudanar daga 2001 zuwa 2003 ya tsaya ne a kan masu shekara 18 zuwa sama, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14, kuma ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 a duniya na fama da wata lalura.

Wancan ƙiyasi na duniya ne gaba ɗaya, bai yi la'akari da abin da yaran Yobe suka gani ba. Ranar 6 ga Yuli, 2013, aka kai hari makarantar sakandaren gwamnati ta Mamudo kusa da Potiskum, aka kashe mutum fiye da 40, yawancinsu ɗalibai. Ranar 25 ga Fabrairu, 2014, aka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi cikin dare. Ranar 10 ga Nuwamban shekarar, ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a taron safe na makarantar kimiyya ta Potiskum, garin da fadar Mai Martaba Sarkin Fika take, ya hallaka fiye da 40. A Fabrairun 2018 aka sace 'yan mata 110 a Dapchi. Alƙaluman da jaridu suka buga na mamata ne da waɗanda aka sace. Ɗaliban da suka tsira, da ƙannensu da suka ga an kawo gawa gida, yanzu sun zama magidanta da matan aure, wasu ma suna renon 'ya'yansu.

Mai son auna buƙatar yara a Ƙaramar Hukumar Fika zai ci karo da matsalolin da tawagar 1961 ta ci karo da su, har da ƙari. Na farko harshe. Hausa ce harshen kasuwa da asibiti, amma a gidaje da dama uwa tana bayyana ciwon ɗanta ne da Bolanci ko Ngamo ko Karekare, kuma kalmar da take nufin firgita a wani harshe tana iya nufin shafar aljanu a wani. Na biyu, wa za a tambaya? Tambayoyin goma an tsara su ne domin uwa, amma almajirin da ke tsangaya uwarsa tana wani gari, kuma budurwa 'yar shekara 15 ba lallai ta faɗi abin da ke ranta a gaban mahaifiyarta ba. Shi ya sa ma'aunai na baya-bayan nan, kamar mai tambayoyi 25 da Robert Goodman ya fitar a Ingila a 1997, suke da kwafi uku: na iyaye, na malami, da na shi matashin. Ƙidayar da aka yi a makaranta kawai kuma za ta tsallake yaran da ba sa zuwa, kamar yadda ƙidayar Carothers ta tsallake waɗanda ba a tsare ba.

Na uku shi ne abin da zai biyo bayan ƙidayar. Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Maiduguri yana da nisan fiye da kilomita 200 daga Potiskum, kuma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha bayyana cewa mambobinta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Masu ƙwarewa a kan yara 'yan ƙalilan ne a cikinsu. Gano yaro mai lalura ba tare da wanda zai duba shi ba ɗora wa iyaye nauyi ne kawai. Domin cike irin wannan giɓi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2010 da ke koya wa ma'aikatan jinya da na lafiyar al'umma yadda za su gane waɗannan cututtuka su fara maganinsu, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka daidaita jagorar da yanayinsu. Auna sakamako a irin wannan tsari ba ya buƙatar na'ura. A yi wa yaro tambayoyin ranar da aka fara ganinsa, a sake yi bayan wata uku ko shida, a rubuta ko ya koma makaranta, ko yana barci, ko yana wasa da tsaransa, a kuma rubuta adadin waɗanda ba su dawo ba.

Lokacin da Lambo ya rasu, dokar da ke aiki a kan masu taɓin hankali a Najeriya ita ce ta 1958, wadda ta samo asali daga ta 1916 da ya tarar yana saurayin likita. Sai a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa. Dokar ta kare haƙƙin majinyata, ta tanadi kafa sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da kuma asusun tallafa wa aikin.